Umarni a Zane: Yadda Kwamfuta ke Harhaɗa Gine-ginen Ƙarfe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga babban filin wasa, ko zauren tashar jiragen sama, ko rumbun ajiyar kaya na wata masana'anta, ya ɗaga kai ya dubi rufi, zai ga ɗaruruwan ƙarafa sun sarƙe da juna suna riƙe da nauyi mai yawan gaske a kan mutane. Kowane ɗaya daga cikin ƙarafan nan yana da tsawonsa da kaurinsa da lambarsa, yana kuma da ramukan da aka huda masa tun a masana'anta kafin a loda shi a mota zuwa wurin gini. Kafin a yanka ko da guntu ɗaya, sai da wani ya zauna ya lissafa, ya zana, ya kuma sake dubawa. Wannan aiki na lissafi da zane shi ne ya fi cin lokacin injiniyoyi, kuma a cikinsa ne kuskuren da ke hallaka mutane yakan ɓuya.

A shekarun baya-bayan nan an sami wata dabara da ta sauya yadda ake gudanar da wannan aiki. Maimakon injiniya ya riƙa zana ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsara ƙa'idojin da ke haifar da ƙarafan, ya bar kwamfuta ta fitar da su. Abin da ya ƙara wa dabarar farin jini shi ne, zana umarnin ake yi da akwatuna da wayoyi a fuskar kwamfuta, ba sai mutum ya iya dogon rubutun nan na masu shirya manhaja ba. A wannan maƙala za mu kira dabarar "umarni a zane", mu duba asalinta da yadda take aiki, da amfaninta, da kuma haɗarin da ke tattare da ita.

Ƙarfe ba ya karɓar gyara

Magini mai aiki da bulo da siminti yana da ɗan sarari. Idan bango ya ɗan karkace, yaɓe zai rufe masa asiri. Mai aiki da ƙarfe ba shi da wannan gata, domin ana yanka ƙarafan a huda su a masana'anta, a wurin gini kuwa ɗaurawa kawai ake yi. Noti mai kaurin milimita 20 yakan shiga rami mai faɗin milimita 22, wato sararin da ke tsakaninsu bai wuce milimita 2 ba. Idan ramukan ƙarafa biyu suka saɓa da abin da ya fi haka, to injin ɗaga kaya zai tsaya da ƙarfe a rataye, ma'aikata su yi cirko-cirko, kuɗin haya kuwa yana ta tafiya. Ga kuma zafin rana, wanda ke sa ƙarfe ya miƙe: ƙarfe mai tsawon mita 60 yakan ƙaru da kusan milimita 22 idan zafi ya hau da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Dole mai zane ya yi la'akari da duk wannan.

Hasumiyar Eiffel da ke birnin Faris na ƙasar Faransa ta isa misali kan yawan wahalar da ke cikin aikin. An fara gina ta a watan Janairu na 1887, aka gama a watan Maris na 1889. An harhaɗa ta da gutattsarin baƙin ƙarfe guda 18,038, da ƙusoshi kimanin miliyan biyu da rabi waɗanda ake dasawa da zafinsu. Injiniyoyi da masu zane kusan 50 ne suka fitar da zane-zane wajen 5,300, kuma an lissafa mazaunin kowane rami har zuwa kashi ɗaya bisa goma na milimita. Ba a yarda a huda ko a sassaƙe ƙarfe a wurin ginin ba. Duk wanda bai zauna daidai ba sai a mayar da shi masana'anta. Da a ce ana tsakiyar aiki sai aka yanke shawarar ƙara faɗin gindin hasumiyar da mita ɗaya tak, da kusan dukkan zane-zanen nan sun tashi a banza.

Daga takarda zuwa samfuri

Shigowar kwamfuta ba ta kawar da wannan matsala nan take ba. Manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ta maye gurbin fensir da takarda, amma layin da aka zana a cikinta layi ne kawai, bai san ko shi ginshiƙi ne ko ƙofa ba. Mataki na gaba shi ne gina samfurin ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, mai tsawo da faɗi da tsayi, inda kowane ƙarfe ke ɗauke da bayaninsa: nau'insa, nauyinsa, da waɗanda yake haɗe da su. Kamfanin Tekla na ƙasar Finlan, wanda aka kafa a 1966, ya yi fice a wannan fage da manhajarsa mai suna Xsteel a farkon shekarun 1990, wadda ta zama Tekla Structures a 2004. Kamfanin Trimble na Amurka ya saye Tekla a 2011. Haka nan akwai manhajar Revit, wadda ta fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002.

Da irin wannan samfuri, kwamfuta kan fitar da zanen kowane ƙarfe da jerin kayan da za a saya, ba tare da an sake zanawa ba. Sai dai har a nan mutum ne ke ɗora ƙarafan da hannunsa. Idan ginin mai kusurwa huɗu ne, ƙarafansa suna kama da juna, aikin da sauƙi, domin kwafa ake yi a liƙa. Amma idan rufin mai lanƙwasa ne, kowane ƙarfe da nasa tsawo da tasa karkata, to mai zane zai shafe makonni yana ɗorawa, kuma ranar da mai ginin ya sauya ra'ayi sai a koma farko.

Mene ne umarni a zane?

Tunanin ba kwamfuta umarni ta hanyar zane ya daɗe. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, ya ƙirƙiro Sketchpad, inda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai haske, yana kuma iya gindaya sharaɗi, misali cewa layuka biyu su kasance tsawonsu ɗaya, kwamfuta ta kiyaye sharaɗin. A 1966 wansa, Bert Sutherland, ya nuna a kundin digirinsa na uku cewa za a iya tsara lissafi ta hanyar haɗa alamomi da layuka. Masu awo a ɗakunan gwaje-gwaje sun rungumi dabarar da fitowar manhajar LabVIEW a 1986.

Masu zanen gine-gine kuwa sun same ta sosai ne a 2007, lokacin da David Rutten, ɗan ƙasar Holan mai aiki da kamfanin Robert McNeel & Associates, ya fitar da wani ƙari ga manhajar zane ta Rhino. Da farko an kira shi Explicit History, daga baya aka raɗa masa suna Grasshopper, wato fara da Turanci. Daga 2018 ya zama wani ɓangare na Rhino ɗin kanta. Wajen 2011 kuma Ian Keough ya ƙirƙiro Dynamo, wadda ke yin irin wannan aiki a cikin Revit. Akwai kuma wata mahaɗa da ke sada Grasshopper da Tekla Structures kai tsaye, ta yadda abin da aka sauya a Grasshopper zai bayyana a Tekla.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A fuskar kwamfuta akwai fili fayau, inda injiniya ke ajiye ƙananan akwatuna. Kowane akwati aiki ɗaya ya iya: wani yana riƙe da lamba, wani yana ja layi tsakanin ɗigo biyu, wani yana raba layi gida-gida, wani yana kwafar siffa sau da yawa. A gefen hagu na akwati akwai ƙofofin shiga, a dama akwai ƙofofin fita. Sai a ja waya daga mafitar wani akwati zuwa mashigar wani. Bayani yana gudana ta cikin wayoyin daga hagu zuwa dama, kamar yadda ruwa ke bin hanyarsa a lambu daga wannan fangali zuwa wancan, ba ya komawa baya. Idan aka sauya lamba a akwatin farko, duk akwatunan da ke shan ruwa daga gare shi sai su sake lissafi nan take, waɗanda ba su da alaƙa da shi kuwa su zauna yadda suke. Abin da injiniya ya ajiye a ƙarshe shi ne hanyar haifar da ginin, ginin kuwa sakamako ne da ke fitowa duk lokacin da aka buƙata.

Misali: rumbun ajiya

Bari mu ɗauki misali mai sauƙi domin mai karatu ya ga abin a aikace. A ce ana son gina rumbun ajiyar kaya mai tsawon mita 60 da faɗin mita 24, ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Rufinsa zai zauna a kan tsaikon ƙarfe, wato ƙarafan da aka harhaɗa cikin siffar alwatika-alwatika, domin alwatika ita ce siffar da ba ta gocewa idan aka danna ta.

Injiniya zai fara da akwatuna huɗu masu riƙe da lamba: tsawon gini 60, faɗinsa 24, tazara tsakanin tsaiko da tsaiko mita 6, da yawan gidajen da za a raba kowane tsaiko, a ce 12. Akwati na gaba zai ja layin ƙasa na tsaikon, wani ya ja na sama bisa gangaren da ake so ruwan sama ya bi. Wani akwati zai raba kowane layi gida 12, ya ba da ɗigo 13 a sama da 13 a ƙasa. Daga nan sai a haɗa kowane ɗigo na sama da takwaransa na ƙasa, a sami ƙarafa 13 na tsaye, a kuma haɗa kowane ɗigo da maƙwabcin takwaransa, a sami ƙarafa 12 na karkace. Idan aka tara da 12 na sama da 12 na ƙasa, tsaiko ɗaya yana da ƙarafa 49 da mahaɗa 26. Wani akwati zai raba 60 da 6 ya ƙara ɗaya, ya gane cewa tsaiko 11 ake buƙata, ya jera su. Ke nan an sami ƙarafa 539 da mahaɗa 286, ban da ginshiƙai 22 da ƙarafan da za a shimfiɗa a ɗaura kwanon rufi.

Har yanzu layuka ne kawai. Akwatunan ƙarshe su ne ke sanya wa kowane layi jiki: wannan bututu ne mai kauri kaza, wancan ƙarfe ne mai kusurwa, a nan walda za a yi, a can faranti da noti huɗu. Sai a tura su cikin Tekla ko Revit su zama samfuri cikakke.

To, a ce bayan mako biyu mai ginin ya dawo ya ce kwanon da ya samu a kasuwa ya fi wanda aka tsara nauyi, injiniya ya ga ya kamata a rage tazarar zuwa mita 5. A tsohuwar hanya, sai an goge an sake jerawa. A sabuwar hanya, lamba ɗaya za a taɓa, 6 ta koma 5. Cikin ƙiftawar ido tsaiko 11 ya zama 13, ƙarafa 539 suka zama 637, mahaɗa 286 suka zama 338, ginshiƙai suka zama 26, jerin kayan saye da jimillar nauyi duk suka sabunta. Da yake kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da tsayi ta ƙarfe tana da nauyin kilogiram 7,850, kwamfuta na iya faɗin tan nawa aka ƙara, da kuɗin da za a kashe, kafin mai ginin ya tashi daga kujerarsa.

Gwada ƙarfi da rage ɓarna

Amfanin dabarar bai tsaya ga saurin zane ba. Akwai akwatunan da aikinsu shi ne gwada ƙarfin ginin, kamar na Karamba3D da Clemens Preisinger ya ƙirƙiro a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ana ba su layukan, da nauyin rufi, da ƙarfin iska, da wuraren da ginin ya dogara, su kuma su lissafa wane ƙarfe ake ja, wane ake dannawa, da kuma yadda tsakiyar rufin zai lotsa.

Ƙarfen da ake dannawa shi ne abin tsoro. Mai karatu zai iya gwadawa da karan dawa: guntu gajere yana ɗaukar danni sosai, amma dogo siriri sai ya tanƙware ya karye tun nauyin bai kai ko'ina ba. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan al'amari tun a 1744, inda ya nuna cewa idan aka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tanƙware yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin za mu sake cin karo da ita a gaba.

Tun da gwajin yana cikin jerin akwatunan, injiniya na iya gwada siffofi da yawa a yini ɗaya. Har ma akwai wani akwati a Grasshopper mai suna Galapagos, wanda ke kwaikwayon yadda makiyayi ke zaɓen dabbobi masu kyau domin kiwo: yana gwada lambobi iri-iri, ya ajiye waɗanda suka ba da gini mafi sauƙin nauyi da bai karya sharaɗin aminci ba, ya gauraya su ya sake gwadawa, har sai ya kusanci mafi dacewa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A 2023 duniya ta narka ƙarfe kusan tan biliyan 1.9, kuma kimanin rabinsa gine-gine da hanyoyi da gadoji ne ke cinye shi. Kowane tan ɗaya na ƙarfe yana jawo fitar da kusan tan 1.9 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, abin da ya sa masana'antar ƙarfe ke da alhakin kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na wannan iska da ɗan'adam ke fitarwa. A 2014 wasu masana biyu na Jami'ar Kambirij a Ingila, Muiris Moynihan da Julian Allwood, sun binciki ƙarafa sama da 10,000 a gine-gine 23, suka gano cewa a matsakaici ba a amfani da ko rabin ƙarfin da suke da shi. Babban dalili shi ne, ya fi sauƙi da arha ga injiniya ya zaɓi ƙarfe ɗaya mai kauri ya maimaita shi ko'ina, a kan ya zauna ya lissafa kowanne. Idan lissafin ya zama mai arha, wannan uzuri yakan ragu, ko da yake dole a tuna cewa yawan ƙarafa mabambanta shi ma yana ƙara wa masana'anta aiki.

Otal ɗin Morpheus

Inda dabarar ta fi nuna kanta shi ne a gine-ginen da ba su da sassa biyu masu kama da juna. Misali sananne shi ne otal ɗin Morpheus da ke yankin Makau na ƙasar Sin, wanda ofishin Zaha Hadid, masaniyar zanen gine-gine haifaffiyar Bagadaza, ya tsara, kamfanin injiniyoyi na Buro Happold kuma ya yi lissafin ƙarfinsa. An buɗe shi a watan Yuni na 2018, shekara biyu bayan rasuwarta. Tsayinsa kimanin mita 160 ne, da hawa wajen 40, kuma ya ci ƙarfe kusan tan 28,000.

Abin da ya bambanta shi da sauran dogayen benaye shi ne, ƙashinsa a waje yake. Wata raga ta ƙarfe ce ta lulluɓe ginin daga ƙasa har sama, tana taimakawa wajen ɗaukar nauyinsa, abin da ya rage buƙatar ginshiƙai a ciki. A tsakiyar ginin akwai manyan kafofi uku da suka ratsa shi daga gaba zuwa baya, inda ragar ke murɗewa tana lanƙwasa ta kowace fuska. Ga shi kuma Makau wuri ne da guguwar teku ke yawan afka wa. Ko a watan Agusta na 2017, ana cikin aikin ginin, guguwar Hato ta yi mummunar ɓarna a yankin.

Ragar tana da mahaɗa wajen 2,500, kuma a sassan da ke lanƙwasa kusan kowace da tata siffa. Idan muka ƙaddara cewa injiniya ɗaya zai gama lissafin mahaɗa ɗaya a yini, yana aiki kwana 250 a shekara, zai shafe shekara goma kafin ya kai ƙarshe, kuma sauyi ɗaya a siffar ginin zai mayar da shi baya. Saboda haka injiniyoyin suka tsara jerin umarni a Rhino da Grasshopper wanda ke karanta yadda ƙarafa suka haɗu a kowace mahaɗa, ya fitar da siffar farantanta, ya shirya ta domin gwajin ƙarfi a wasu manhajoji, sannan ya tattara sakamako da zane-zane. Aikin mutum ya koma tsara ƙa'idojin da duba sakamakon.

An bi irin wannan hanya a filin wasan tanis na birnin Hangzhou, shi ma a ƙasar Sin, mai ɗaukar 'yan kallo 10,000, wanda kamfanin NBBJ ya tsara. Jikinsa ya ƙunshi tsaiko 24 da aka jera a da'ira kamar furen bado, dukkansu daga ƙa'ida ɗaya da aka tsara a Grasshopper suka fito. An yi amfani da filin a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka gudanar a 2023.

Daga kwamfuta zuwa masana'anta

Idan samfuri ya kammala, bayanin kowane ƙarfe yana tafiya masana'anta ne a fayil ɗin da injin yanka da huda ke karantawa da kansa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na DSTV, wanda ƙungiyar masu aikin ƙarfe ta Jamus ta fitar. A cikinsa akwai tsawon ƙarfen, da kusurwar yankansa, da mazaunin kowane rami. Domin musayar samfuri tsakanin manhajoji mabambanta kuwa akwai tsarin IFC, wanda ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 16739 a 2013. Ma'anar wannan ita ce, lambar da injiniya ya taɓa a ofis tana iya isa bakin zarto ba tare da wani ya sake kwafar ta da hannu ba. An toshe wata babbar ƙofa ta kuskure, amma kuma an cire idanu da yawa da a da suke ganin zanen a kan hanya.

Inda haɗarin yake

Kwamfuta ba ta san gini ba, abin da aka shuka a cikinta shi take ba da girbinsa. Mai zane da hannu idan ya yi kuskure, a ƙarfe ɗaya yake yi. Mai tsara umarni idan ya yi kuskure a ƙa'ida, kwamfuta za ta maimaita shi sau 637 ba tare da ta gaji ba, kuma zanen zai fito tsaf, mai kyan gani. A misalinmu na rumbu, idan aka saita akwatin haɗa ɗigo ba daidai ba, maimakon ƙarafa 13 na tsaye sai ya haɗa kowane ɗigo da kowane, ya fitar da 169. Wannan kuskure ne da ido ke gani. Wanda ido ba ya gani shi ne mugu.

Da asubahin ranar 18 ga Janairu, 1978, rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta a ƙarƙashin nauyin dusar ƙanƙara, sa'o'i shida kacal bayan kusan mutum 5,000 sun watse daga kallon ƙwallon kwando. Allah Ya kiyaye, ba kowa a ciki. Rufin, mai kimanin mita 91 a faɗi da 110 a tsawo, an lissafa shi ne da kwamfuta. An gaya wa kwamfutar cewa ƙarafan sama suna da tokara a kowace mita 4.5, alhali kuwa yadda aka ƙera mahaɗan ya bar wasunsu ba ingantacciyar tokara har mita 9. Tsawo ya ninka, ƙarfi ya faɗi warwas, kamar yadda Euler ya faɗa. Tun lokacin da ake ɗaga rufin an auna lotsawarsa aka ga ta ninka abin da kwamfuta ta hasasa, amma aka fi gaskata lissafi a kan abin da ma'auni ya nuna.

Bayan shekara uku, ranar 17 ga Yuli, 1981, wasu gadoji biyu na tafiya da ƙafa da ke rataye a zauren otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka rasu, sama da 200 suka jikkata. A tsarin farko, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi su ratsa gadar hawa na huɗu har zuwa ta hawa na biyu. A lokacin shirya zanen masana'anta sai aka raba kowace sanda biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗar sama ya ninka. Ba wanda ya sake lissafin wannan ƙaramin sauyi. Injiniyoyin da suka sa hannu sun rasa lasisinsu. Darasin da ke nan ya shafi umarni a zane kai tsaye: akwatin da ke zana mahaɗa yana iya fitar da farantai da notuna masu kyan gani ba tare da ya san ko za su ɗauki nauyin ba, sai fa idan an haɗa shi da lissafi, an kuma duba lissafin.

Akwai wata matsala ta daban, wadda masu aikin suka sani sarai. Jerin umarni mai akwati 20 yana da sauƙin karantawa, amma mai akwati 2,000 yakan zama kamar taliyar da aka juye a faranti, wayoyi sun hau kan juna, har wanda ya tsara shi ya kasa gane kansa bayan wata shida. Idan ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya shiga uku. Shi ya sa ofisoshi masu tsari suke raba akwatunan rukuni-rukuni, su sa wa kowane rukuni suna da bayani, su rubuta sassa masu sarƙaƙiya da harshen kwamfuta irin Python ko C#, su kuma tanadi mutum na biyu da zai bi jerin daga farko zuwa ƙarshe. Haka nan sukan zaɓi wasu ƙarafa da mahaɗa su lissafa da hannu, su kwatanta da abin da kwamfuta ta bayar, su kuma duba ko jimillar nauyin da ke sauka a kan harsashi ta yi daidai da nauyin da aka ɗora.

Kammalawa

Mun ga yadda aikin tsara ginin ƙarfe ya tashi daga dubban zane-zanen hannu na zamanin Eiffel, ya bi ta samfurin kwamfuta, ya iso ga umarni a zane, inda lamba ɗaya ke motsa ɗaruruwan ƙarafa. Dabarar ta ba injiniya damar gwada siffofi da yawa, da rage ɓarnar ƙarfe, da gina abin da a da lokaci ba zai bari a lissafa ba. Amfaninta kuma bai taƙaita ga manyan otal-otal ba, domin rumbunan ajiya da rumfunan gidajen mai da turakun sadarwa duk ayyuka ne masu maimaita ƙa'ida ɗaya da lambobi mabambanta.

Ga ɗalibin injiniyanci da ke sha'awar wannan fage, koyon ja da haɗa akwatuna aikin 'yan makonni ne. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin hanyar da nauyi ke bi daga kwanon rufi zuwa ƙasa, da iya ƙiyasta amsa a takarda kafin a tambayi kwamfuta, da zuwa masana'anta a ga yadda mai walda ke shigar da hannunsa tsakanin ƙarafa. Wanda ya mallaki wannan ilimi zai gane lokacin da kwamfuta ta ba shi amsar da ba ta yiwuwa. Mutum ne ke sa hannu a kan zanen gini, kuma shi za a tambaya idan rufi ya rufta.